Takwara a Gidan Ɗayyabu

Tunda kun ƙi tashi, kuma da sauran rana kafin magariba, ku gyara zama in ba ku abin da za ku yi musu a kai. Sharaɗina ɗaya ne, kada wanda ya katse ni sai na dire.

A garin Rafin Gawo akwai wani mutum ana ce masa Ɗayyabu, mai gyaran injin niƙa da na ban ruwa. Mutum ne marar hayaniya. In ya sunkuya a kan inji, sai ka yi masa sallama sau biyu kafin ya ɗago. Matarsa Zinatu, ɗansu ɗaya, Yahuza, mai shekara bakwai. Da yake ɗan fari ne, daga uban har uwar ba mai kama sunansa, "yaron nan" kawai suke cewa. Mai kiran sunan da ƙarfi, ta yi masa wanka, ta yi masa faɗa, ta ba shi abinci a baki, ita ce Sahura, yayar Ɗayyabu. Mijinta ya rasu, ta dawo gidan ƙanenta da zama tana sana'ar ƙuli-ƙuli. Gwaggo Yahuza ke ce mata, kuma a ɗakinta yake kwana.

Yana da shekara biyar ciwon ƙoda ya kama shi. Fuska ta kumbura, ƙafafu suka kumbura, har idanunsa ba sa buɗuwa sosai da safe. A babban asibitin birni aka ɗora shi a kan wasu ƙananan ƙwayoyi farare, kumburin ya sace. Amma da an rage maganin sai ciwon ya dawo, don haka aka ci gaba da ba shi. Likitan ya zaunar da Ɗayyabu ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce maganin nan yana tsare ƙodar, amma yana kwantar da garkuwar jiki. Cutar da wani yaro zai yi kwana biyu da ita ya miƙe, wannan tana iya kayar da shi. Ruwan shansa a tafasa, madara a tafasa, nama ya dahu sosai. In kuma ya yi zazzaɓi, komai ƙanƙantarsa, kada a tsaya a kemis, a kawo shi asibiti. Ɗayyabu ya ce to. Ya dawo gida ya faɗa wa matan, su ma suka ce to.

Shekara biyu aka yi lafiya lau. Yaro yana zuwa makaranta, yana wasan langa da sa'o'insa. A hankali hankalin kowa ya kwanta, gargaɗin likita ya fara yin nisa a kunne.

Wata Juma'a a farkon damina Yahuza ya dawo daga wasa da zafin jiki da ciwon kai. Lokacin kuwa ba gidan da ba mai zazzaɓin cizon sauro. Birni tafiyar awa biyu ce a mota, ga injin niƙan unguwa a kwance a rumfar Ɗayyabu, mata suna ta aiko masa yaushe za a gama. Sai ya biya kemis ya karɓo maganin zazzaɓi. A ransa ya ce in an yi kwana uku bai sauka ba, sai a tafi.

Ran Asabar da hantsi Sahura ta dama kunu ta miƙa wa yaron a kofi. Ta ga ya kasa sunkuyar da kai ya kai baki. Ya yi ƙoƙari, ya yi ƙara, ya koma ya kwanta yana kau da fuska daga hasken ƙofa. Ta sa tafin hannu a ƙeyarsa ta ɗan ɗaga, ta ji wuyan a sandare kamar itace. Sahura ta taɓa binne ɗa shekaru da yawa da suka wuce, kuma da haka nasa ciwon ya fara. Ba ta yi shawara da kowa ba.

Ɗayyabu yana sunkuye a kan inji ya ji muryarta a kansa.

"Ɗayyabu, ajiye sifanar nan."

"Yaya, lafiya?"

"Wuyan Yahuza ya sanƙare. Tashi mu tafi birni."

"Yaya, jiya-jiya fa aka fara maganin. Mai kemis ya ce a ba shi kwana uku."

"Mai kemis ne ya san ƙodarsa ko likitan birni? Ni na yi tasha. In ka ga dama ka same mu."

Sai a lokacin ya ɗago. Ashe ta riga ta goyo yaron, ɗan shekara bakwai, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta, ga katin asibiti a hannunta. Ya bi bayanta da baƙin mai a hannu, ko rumfar bai rufe ba.

A asibiti likita ya duba yaron, ya dubi Ɗayyabu, ya ce da sun kai gobe da ba wannan maganar ake yi ba. Aka ɗebi jini, aka ɗebi ruwa daga gadon bayansa aka kai ɗakin gwaji, aka sa masa ƙarin ruwa da allurar sanƙarau. Zinatu tana da cikin wata bakwai, aka ce ta zauna a gida. Sahura ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon, nan ya zama ɗakinta.

Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce, zazzaɓi bai sauka ba. Ran Talata da safe Yahuza ya yi jijjiga, da ya lafa kuma ya kalli Gwaggonsa kamar bai taɓa ganinta ba. Likitan da kansa ya tsaya a bakin gadon yana juya takardu. Ya ce wa Ɗayyabu, "Maganin nan shi muke ba masu sanƙarau, kuma suna tashi. Akwai abin da ba mu gano ba tukuna. Mu jira sakamakon gwaji."

Bayan azahar Ɗayyabu yana zaune a gindin wata darbejiya a harabar asibitin, carbi a hannu amma ba ya ja, sai ya hango wata mata tana tafe tana dube-dube kamar wadda ta ɓata. Dija ce, Bafulatanar da ke kawo musu nono daga rugar tsallaken rafi tun kafin a haifi Yahuza. Ba ta taɓa zuwa birni ba. Yau ba ƙwarya a kanta, sai wata kwalba da ta naɗe a tsumma ta rungume. Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi, ta yi masa ya mai jiki.

"Malam, akwai maganar da ta hana ni cin abinci tun jiya," in ji ta.

Ta ce sati biyu ke nan tumakinsu biyu suka kama wani irin ciwo. Sai tunkiya ta karkatar da kai ta riƙa zagaye wuri ɗaya, ba ta ci ba ta sha, har ta faɗi. Bayan haka saniya ɗaya ta yi ɓari. Jiya Litinin malamin dabbobi ya zo, ya zagaya, ya tarar da harawar da ruwan farko ya jiƙa ta ruɓe a ƙasan rumbu. Ya ce daga nan cutar ta fito, kuma takan bi madara ko da saniyar lafiyarta lau a ido. Ya ce kada wanda ya ƙara sha sai an tafasa, musamman mai ciki da wanda jikinsa ba ƙarfi.

"Da ya faɗi haka sai na tuna madarar Yahuza."

"Wace madara?" in ji Ɗayyabu.

Dija ta ɗago ta kalli bayansa. Ya waiwaya, ya ga Sahura tsaye da filas a hannu, ta fito neman ruwan zafi. Ta ajiye filas ɗin a ƙasa a hankali.

"Ni ce," in ji Sahura. "Na ga fuskarsa ta cika amma hannuwan sun rame. Na ce a raina madarar da aka tafasa ƙarfinta ya tafi. Na sa Dija tana kawo mini ɗanya, tatsar safe. Ina ajiyewa a firijin gidan maƙwabta, a zatona sanyi yana kashe komai. Wata biyu ke nan ina ba shi kofi ɗaya kullum. Ban faɗa maka ba don na san za ka hana."

Tunda aka haifi Ɗayyabu bai taɓa ɗaga wa yayarsa murya ba. Ranar saura kaɗan ya ɗaga. Ya dubi idanunta da suka faɗa saboda rashin barci, ya fasa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Yaya." Ya juya ga Dija ya tambaye ta ko mutanen rugarsu sun san ta taho.

Ta ce sun sani. 'Yan'uwan mijinta sun ce ta rufe bakinta, don in gari ya ji, ba mai ƙara sayen nonon rugarsu. "Na ce musu in yaron nan ya mutu maganar tana cikina, ba zan ƙara iya ɗaukar ƙwarya ba." Ta miƙo kwalbar. Madarar safiyar ranar ce, ko likita zai so ya gani.

Ɗayyabu ya karɓa ya nufi ofishin likita, aka ce yana ɗakin tiyata, ba a san lokacin fitowarsa ba. Wata nas ta ce masa kafin nan ya je ɗakin gwaji ya karɓo sakamakon yaron. A tagar ɗakin ya tarar da wata mata mai farar riga da tabarau, sunanta Rahila, 'yar kudancin Kaduna ce. Ta duba suna ta miƙo masa takarda. Shi ba ya karanta Turanci, sai ya roƙe ta ta gaya masa abin da ke ciki.

Ta ce sun shuka ruwan bayan yaron a faranti don su ga abin da zai tsiro. Abin da ya tsiro ba cuta ba ce, irin ƙwayoyin da ke zaune a fatar kowa ne, sukan faɗa ciki lokacin ɗiba. Wato dai ba a sami komai ba.

Ɗayyabu ya tsaya riƙe da takarda a hannu ɗaya, kwalba a ɗaya. Ba don yana zaton za ta yi wani abu ba, sai don maganar ta yi masa nauyi, ya shiga ba ta labarin tumakin da madarar da firijin. Akwai mutane a bayansa suna jiran layi. Rahila ta riga ta miƙa hannu za ta karɓi katin na gaba, sai hannun ya tsaya.

"Malam, tumaki masu zagaye ka ce?"

"Haka ta ce."

"Yaron yana shan wani magani na dogon lokaci?"

"Na ƙoda. Shekara biyu."

"Ba ni takardar nan. Kawo kwalbar ma."

Abin da ya faru a cikin ɗakin daga baya Ɗayyabu ya ji shi. Akwai wata ƙwayar cuta da in aka kalle ta a madubin likita kamanninta ɗaya da waɗancan marasa illa na fata, shi ya sa sau da yawa ake zubar da ita a ce datti ne. Rahila ta karanta labarinta a makaranta, amma shekara goma sha ɗaya tana aiki ba ta taɓa cin karo da ita ba. Farantin Yahuza har an jera shi cikin waɗanda za a ƙona. Ta je ta tono shi. Shugaban ɗakin ya ce mata an riga an sa hannu a sakamako, ga aiki jibge yana jira. Ta ce ita ta sa hannun, kuma ita ta janye. Ta ɗiga ƙwayoyin a ruwa ta sake dubawa, ta gan su suna ta alkafura, abin da na fata ba sa yi.

Ba ta jira a kammala sauran gwajin ba. Ta fito da kanta ta tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, Ɗayyabu yana gefe, har likita ya fito. Ta ce masa tana kyautata zaton ƙwayar cutar da ake kira listeriya ce, ta gaya masa dalilanta, ta kuma gaya masa cewa takardar farko kuskurenta ce. Likitan ya cire hular tiyata ya riƙe a hannu. Ya juya ga Ɗayyabu ya ce allurar da suke yi wa yaron kwana huɗu ba ta taɓa wannan ƙwayar ko kaɗan, kuma ita sanyin firiji bai dame ta ba, a cikinsa ma take hayayyafa. Kafin a kira magariba an canja magani. Bayan kwana biyu gwaji ya tabbatar da zaton Rahila, aka kuma sami ƙwayar a madarar da Dija ta kawo.

Ran Juma'a da safe zazzaɓin ya sauka. Yahuza ya buɗe ido ya daɗe yana kallon silin, sannan ya juyo ya ce, "Gwaggo, ƙishirwa." Sahura ta ba shi ruwa a cokali. Ɗayyabu ya fita waje ya tsaya a bayan ɗakin inda ba mai ganinsa.

Sati uku aka yi ana yi masa allura. Sati ukun nan Sahura ba ta taka ƙofar asibitin ta fita ba. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ta riƙe shi ya sake koyon tsayuwa. Likita ya sa aka kawo Zinatu aka duba ta, don ya ce cutar nan tana kashe ɗa a ciki. Allah ya sa tunda ta sami cikin ko warin madara ba ta so, ba ta taɓa kurɓa ba. Yahuza ya koma gida da ƙafarsa. Kunnensa na hagu ya ɗan yi nauyi, sai an yi masa magana ta dama, amma ya koma makaranta, kuma har yau yana nan.

Abin da mutanen ruga suka ji tsoro kuwa ya faru. Labari ya bazu a Rafin Gawo, aka daina sayen nonon Dija. Ta koma tafasa madararta kafin ta zuba, duk da haka takan zagaye gari ta koma da ƙwarya a cike, a ruga kuma wasu ba sa amsa gaisuwarta. Rahila ma an kira ta ofis a kan takardar farko, aka rubuta mata gargaɗi.

Ana nan Zinatu ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Ɗayyabu ya karɓi jaririyar ya yi mata kiran salla a kunne, amma bai ambaci suna ba. Shi da matarsa sun riga sun yi magana cewa in mace ce, za a yi wa wadda ta ceci ran Yahuza takwara. Sai da aka zo faɗin sunan ya ga ashe bai san wadda zai ambata ba.

In ya tuna Sahura, sai ya ga goyon nan a ƙofar rumfarsa. Da ba ta gane wuyan ba, da ba ta take maganarsa ta nufi tasha ba, da yaron ya cika a gida ana jiran kwana uku su cika, ba Dija ba Rahila da za su same shi da rai. Ita ta yi jinya, ita ta faɗi laifinta da bakinta alhali tana iya yin shiru. Amma kuma da hannunta ta ba shi madarar, a ɓoye, bayan ta ji gargaɗin likita daga bakin ƙanenta. Zinatu ta ce ta yafe, sai dai ba ta ce a sa sunan ba.

In ya tuna Dija, sai ya ga mace da ba ta haɗa jini da su ba, wadda ba wanda zai taɓa zarginta da ta yi zamanta a ruga. Ta saɓa wa dangin mijinta, ta shiga motar garin da ba ta sani ba, ta kawo maganar da ta karya sana'arta. Da ba ta zo ba, da takardar nan ta tafi hannun likita yadda take, farantin kuma ya shiga wuta. Sai dai madarar daga ƙwaryarta ta fito, kuma sati biyu tana ganin tumaki suna faɗuwa tana ci gaba da kawowa, ko da yake ba ta san akwai alaƙa ba.

Rahila kuwa ko fuskar yaron ba ta sani ba a lokacin. Mutum nawa suka ji labarin tumakin? Ita kaɗai ta san abin da yake nufi. Da ta karɓi katin na gaba kawai, ba mai cewa ta yi laifi. Ta tsaya, ta yi jayayya da shugabanta, ta fallasa kuskurenta da kanta, ta ba cutar suna, sai da aka san sunan aka san maganin. Wani abokin Ɗayyabu ya ce ai aikinta ne, don shi aka ɗauke ta, kuma da ta lura tun farko da yaron bai kai ga jijjiga ba. Ɗayyabu ya ce haka ne, amma shi ya ga hannun nan lokacin da ya tsaya.

Liman ya ce masa duk sunayen uku masu kyau ne, Sahura, Hadiza wato Dija, da Rahila, amma sunan yanka ɗaya ne. Ya tambayi Yahuza, yaron ya ce shi dai a sa mata duk wanda za ta riƙa amsawa in ya kira. Kwana shida Ɗayyabu yana juya maganar. An kawo rago an ɗaure, an raba goro, mata sun fara daka, gobe da safe liman zai miƙo kunne ya ce a faɗa masa suna.

Na dire. Ga wadda ta kai shi a kan lokaci, ga wadda ta kawo gaskiya ta yi asara a kanta, ga wadda ta gane cutar, kuma kowace da ɗan tabonta a cikin lamarin. To, da kai ne Ɗayyabu, liman ya miƙo maka kunne, sunan wace ce a cikinsu za ka raɗa masa?